Aikin Hannu a Aji Huɗu: Hannun Wa Ake Ba Maki?

Zuwa ga Shugaban makarantar firamaren da 'yata take karatu,
Jalingo.

Yallaɓai Hedimasta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da iyali, da malaman da ke aiki a ƙarƙashinka. Ya aiki, ya fama da 'ya'yan mutane? Allah ya ba da lada.

Ni ne mahaifin Hauwa'u ta aji huɗu, ajin Malama Rifkatu. Idan sunan bai tuna maka kowa ba, ba laifi, don masu sunan Hauwa'u a makarantarka sun isa a buɗe musu aji nasu. Tawa ita ce 'yar siririyar nan mai wushirya da ke zama a bencin gaba ta wajen taga. Ni ma'aikacin gwamnati ne, mai buga tafireta, ina cikin waɗanda aka kwaso daga Yola shekara uku da suka wuce da aka ƙirƙiro jihar nan. Muna haya a Majidaɗi.

Na zo ofishinka ban same ka ba, aka ce kana wurin taro. Na sake zuwa, aka ce ka tafi ta'aziyya. Na bar saƙo wurin mataimakinka, ya ce zai isar, ban kuma ce bai isar ba, amma har yau shiru. Shi ya sa na rubuto a fili, musamman da na fara tambayar wasu iyaye na gane abin ba na gidana ba ne ni kaɗai. In kuma faɗa tun farko: ba faɗa ya kawo ni ba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, amma mamakin ya fi ɓacin ran yawa. Tambaya ce take cina, kuma kai ne kake da amsarta.

Ga yadda abin ya faru. Ana tsakiyar zangon da ya wuce Hauwa'u ta dawo gida da labari, ta ce Malama ta ce kowa ya kawo aikin hannu kafin jarrabawa, abin da su yaran ke kira handiwok, kuma akwai maki a kansa kamar na lissafi. Tsintsiya, ko faifai, ko mafici, ko igiya, kowa da abin da ya iya. Yarinyar nan, yallaɓai, tana da wani hali: duk abin da malami ya faɗa, yadda ya faɗa haka take ɗauka, ba ragi ba ƙari. An ce aikin hannu, sai ta dubi hannunta.

A gidan da muke haya akwai wata dattijuwa Bafulatana, Dada Mairo, ɗakinta yana kallon namu. Sana'arta saƙar faifai, kuma duk matar da ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki a layinmu ta san ƙofarta. Hauwa'u ta je ta durƙusa ta ce a koya mata. Dada ta kama yatsunta ta jujjuya, ta yi dariya ta ce, “Ɓingel am, ɗiyata, hannunka ƙarami ne, amma zauna mu gani.” Tun daga ranar, da ta dawo daga Islamiyya sai gindin mangwaron tsakar gida. Ta koyi jiƙa kaba, ta koyi tsaga ta siri-siri, ta koyi naɗa ta a jikin ciyawa tun daga cibiya. Basilla ta sossoke mata yatsu har uwarta ta fara mita. Dada kuwa ba ta san sassauci ba, in layi ya karkace sai ta warware shi a gaban idon yarinyar, ta miƙa mata ta ce a sake. Ran nan har kuka aka yi, aka share hawaye, aka ci gaba.

Ni kaina na kan jawo kujera in zauna kallo, don ban taɓa sanin haka faifai yake da aiki ba, a tunanina abu ne da ake samu a kan ƙwaryar fura kawai. Wata rana Hauwa'u ta ɗago ta tambaye ni me ya sa kowane zagaye yake fin wanda ya gabace shi cin kaba, alhali ɗan tsakaninsu bai kai faɗin yatsa ba. Na ce ta tambayi Malama, wannan lissafi ne, ni tafireta na iya. Na ji daɗin tambayar ƙwarai, don a ganina abin da muke tura su makaranta su koyo ke nan.

Faifan dai ya ƙaru, ya kammalu. Ba zan yi maka ƙarya ba, bai yi kyau ba. Gefe ɗaya ya ɗaga kamar bakin malafa, jan rinin kuma ya zuba cikin farin. Amma faifai ne, yana rufe ƙwarya, kuma tun daga cibiya har baki hannunta ne. Dada ta juya shi gaba da baya ta ce na farko ya fi nata na farko. Ranar kaiwa, a ɗankwalin uwarta ta naɗe shi, ba ta yarda ya shiga jaka ba kada littattafai su danne shi.

Akwai wani abu da ya faru kafin ranar kaiwar, wanda a lokacin ban ɗauke shi komai ba. Mahaifiyar Jummai, ƙawar Hauwa'u da suke benci ɗaya, ta shigo gidanmu da yamma ta ce Dada ta fito mata da faya-fayai za ta sayi ɗaya. Hauwa'u tana zaune a wurin da nata a cinya. Da yake ta fara zama gwana a ganinta, ita ta tashi ta zaɓar wa matar wanda ya fi kyau, mai zanen kore da ja, har tana nuna mata yadda bakinsa ya kwanta. A zatonta na rufe nono ne.

Yallaɓai, wannan faifan ne ya ci maki tara cikin goma da sunan Jummai. Na Hauwa'u ya ci uku.

Ba ta gaya mini ba. A katin sakamako na gani, ukun nan ja-wur a tsakanin makin lissafi da na karatu masu kyau, ya ja ta baya a aji. Na tambaye ta, ta ce ba komai. Sai da hutu ya yi nisa na lura ta daina zama gindin mangwaro. In ta hango Dada ta fito da kwandon kaba, sai ta tuna tana da wanki, ko ta shige ɗaki. Yarinyar da ba ta iya riƙe magana a ciki ta riƙe wannan har aka koma makaranta, sannan uwarta ta lallaɓa ta ji.

To ni mutum ne mai son ganin abu da idona. Na duba jadawalin darussan da ta kwafa a bangon littafinta, na ga aikin hannu yana nan ranar Laraba, darasin ƙarshe. Na nemi izini a wurin aikina, na zo na tsaya bayan tagar aji huɗu kamar mai jiran wani. In faɗi gaskiya, abin da na fara gani ya burge ni. Ajin ya cika maƙil, wasu a benci, wasu a ƙasa da littafi a gwiwa, amma Malama Rifkatu ta riƙe su. Rabawa take koya musu da marafen kwalba, kowane rukuni da tarinsa, ana rabawa ana gardama a kan abin da ya yi saura. A kan taga ga gwangwanayen madara jere, wake ya tsiro a ciki, kowanne da sunan mai shi, an rufe ɗaya da kwali don a ga yadda zai yi in ba rana. Ni kaina sai da na so in ɗaga kwalin in leƙa. Wani yaro ya leƙa littafin na kusa da shi ya kwafi amsa, Malama ta gan shi, ta sa shi ya tsaya a gaban allo ya sake yi da kansa. Na ce a raina, madalla.

Sai aka buga ƙarfen nan da ke rataye a jikin bishiyar dogon yaro, lokacin aikin hannu ya yi. Na gyara tsayuwa. 'Yan mata suka ɗauki tsintsiya suka fita sharar fili. Maza suka karɓi langa-langa suka nufi ciyawar bayan ofis. Wasu aka tura su ɗebo ruwa. Na jira in ga ko daga baya za a dawo a zauna a koya wani abu, sai na ji an buga na tashi. Na tambayi Hauwa'u ko yau ne kawai haka, ta ce kullum haka ne tun suna aji uku.

Da ajin ya watse na yi sallama na shiga. A bangon baya ga aikin hannun zangon jiya an rataye, kowanne da takardar suna a ƙasa. Na ga faifan mai kore da ja. Na ga wasu ma da na gane hannun Dada a jikinsu, don na sha ganinsu a shanye a tsakar gidanmu. Na ga mafitai irin waɗanda ake jerawa a bakin kasuwa, har da igiyar ratayarsu ba a cire ba. Na nemi na 'yata ban gani ba, sai can a lungu, an rufe randar ruwan aji da shi.

Malama Rifkatu ta karɓe ni da mutunci, kuma ba ta yi mini kwana-kwana ba, wannan na yaba mata. Ta ce, “Baban Hauwa, ni ma na sani duka saye ne. Amma in sufeto ya zo ya ga abu ya karkace a bango, zai ce malama bai koyar da komai ba. Ni kuma ba a koya mini saƙa ba, kaya ma babu. Wanda ya yi kyau shi muke ba maki, haka na samu ana yi.” Na ce to ta san Hauwa'u da kanta ta yi nata? Ta ce ai da gani an sani. Wannan amsar ce ta fi ɗaure mini kai, har na fita ban yi mata sallamar kirki ba. Ashe ba kuskure aka yi ba. An san wanda ya yi, an san wanda ya saya, sannan aka raba makin.

Ban ga laifin Malama ba, kuma ina roƙo kada wasiƙar nan ta zama sanadin a kira ta ofis. Ban ga laifin Jummai ba, yarinya ce, abin da aka miƙa mata ta kai. Mahaifiyarta ma da muka yi maganar dariya ta yi, ta ce ita ma a lokacinsu haka aka yi mata, tsintsiyar kasuwa ta kai har ta gama. Maiɗakina ta ce in bar zancen kada in ja wa yarinya baƙin jini. Na yi ƙoƙarin bari, ya ƙi baruwa. Ga abubuwan da nake son sani.

Na ɗaya. Hannun wa ake ba maki? Idan na wanda ya yi aikin ne, to ina taya makarantarka murna, don wadda ta zo ta ɗaya a aikin hannu a aji huɗu tsohuwa ce da ba ta taɓa zama a kan benci ba. Na gaya wa Dada Mairo haka, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce, “To ina rifot ɗina?” Sai dai dariyar ba ta daɗe ba. Ta ce ita ba a gaya mata faya-fayan da ake saye na makaranta ne ba, kuma yanzu ta gane abin da ya sa ɗiyarta take gudunta.

Na biyu. Da idona na ga an tsayar da yaro gaban allo don ya kwafi amsar lissafi. A aji ɗaya, a rana ɗaya, a bango ga aikin wasu an rataye da sunan wasu. Ni babba na kasa gane bambancin, yaya 'yar shekara tara za ta gane? Idan akwai bambancin, don Allah a bayyana mini, zan zauna in saurara da zuciya ɗaya, wataƙila akwai hikimar da ni ban hango ba.

Na uku. Darasin da ba a koyar ba, ta yaya ake jarraba shi? Ba na ƙin yara su yi shara ko su yanke ciyawa, mu ma mun yi, bai kashe mu ba. Idan makaranta tana buƙatar tsintsiya da igiya, a ce mana gudummawa ake nema, wallahi za mu kawo, har da ƙari. Amma a kira shi da sunansa, a cire shi daga katin sakamako.

Na huɗu, kuma wannan sufeto nake so ka tambayar mini in ya zo, tun da ni ba zan gan shi ba. Shi bai san hannun yaro ba ne? Mutumin da ya yi shekaru yana zagaya makarantu, ya shiga aji huɗu ya ga faifai ba karkata ko ɗaya, ya gyaɗa kai ya wuce? Ko dai shi ma ya sani, malama ta san ya sani, kai ma ka san sun sani? In haka ne, duk makarantar mutum ɗaya ne bai sani ba, ita ce 'yata, kuma ita aka ci tara.

Na biyar. Su yaran da iyayensu ba su da halin saye fa? Akwai wani ɗan ajin, daga gefen Abbare yake zuwa a ƙafa, Hauwa'u ta ce igiya ya tufka da kansa da rama, irin wadda kakansa yake ɗaure awaki da ita. Shi ma makinsa bai wuce nata ba. Garin nan kuwa ba garin da za a rasa masu aikin hannu ba ne. Duk yaron da ke ajin nan, Bafulatani ne ko Mumuye ko Jukun ko Bahaushe, in ka bi shi gida za ka sami wata kaka mai ginin tukunya, ko wani kawu mai saƙar kwando ko zana. Me ya sa abin da ke bayan katangar makaranta ya kasa shigowa sai ta hanyar kasuwa?

Buƙatuna ba su da yawa, kuma babu wadda take neman a jira wani abu daga sama.

Ina roƙon a riƙa yin aikin hannu a cikin aji, ranar Laraba, a gaban malami, a ba da maki a kan abin da aka ga yaro ya yi, ko da ya karkace. A ajiye aikin a makaranta daga mako zuwa mako har ya kammalu. Idan malamai ba su iya ba, ba abin kunya ba ne, a nemi iyaye da kakanni su shigo su nuna. Na tuntuɓi Dada Mairo, ta ce za ta zo in har za a ba ta tabarma a inuwa, ba za ta hau benci ba. Kaba da rama kuwa mu iyaye za mu kawo, ni zan fara.

Ina roƙon a rataye aikin yara a bango yadda yake. Idan sufeto ya yi magana, a gaya masa 'yan aji huɗu ne suka yi, ba ya buƙatar wani bayani bayan wannan.

Ban roƙi a canza makin zangon da ya wuce ba. An riga an rubuta, kuma in aka ƙara mata yanzu za ta ce don babanta ya yi surutu ne. Abin da nake so shi ne ka sa maganar nan a gaban taron iyaye da malamai mai zuwa, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Idan aka rinjaye ni, zan zauna.

Sai dai, yallaɓai, akwai abin da ba zai jira taro ba. A makon nan Malama ta sake sanarwa, kowa ya kawo aikin hannu kafin jarrabawar wannan zango. Jiya da na dawo daga aiki Hauwa'u ta kawo mini ruwa, ta tsaya ba ta tafi ba. Ta duba ta ga ba kowa a tsakar gida, ta rage murya ta ce, “Baba, wannan karon mu saya. Amma mu je babbar kasuwa, kada mu sayi na Dada, kada ta sani.”

Ka ga ke nan ta san abin kunya ne, tun da ɓoyewa take so ta yi, kuma duk da haka shi ta zaɓa. Ba a gidana ta koyi wannan ba. Na ji zafinsa fiye da makin nan uku. In na ce ta saƙa, na tura ta ta sake faɗuwa da sanina. In na ce mu saya, na sa hannu. Sai na ce mata ta bari in tambayi Hedimasta, duk abin da ya ce shi za mu yi, ta ce to, don har yanzu maganarka tana da nauyi a wurinta.

Saboda haka ina jiran amsarka kafin ranar kaiwa. Idan ka ce ta saƙa, za a duba hannunta, yau ɗin nan zan jiƙa mata kaba. Idan kuwa ka ce a saya, zan saya, amma ina roƙon ka kira ta ofis ka gaya mata da bakinka cewa abin da makaranta take so ke nan. Ni ba zan iya ba.

Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka, ya ba ka lafiya da haƙuri, ya saka wa malamanka da alheri a kan wahalar da suke sha da yaranmu. Allah ya raya mana su, ya sa abin da suke ɗauka a hannunku ya amfane su.

Wassalam.

Naka,
Baban Hauwa'u,
Unguwar Majidaɗi, Jalingo.